Yadda Ake Gina Taga da Mayafi a Manhajar Zanen Layi

A wani shagon buga alluna da ke kan hanyar Kasuwar Dole nake taimakawa da aikin kwamfuta, kuma a nan na rubuta ƴar manhajar da yaran shagon ke zana sitika da banna da katin biki da ita. Cikin burawuza take aiki, ba ta neman intanet, fayil ɗin SVG, wato tsarin ajiye zanen layi, take buɗewa kuma shi take ajiyewa. Abin da aka fi matsa mini in ƙara mata shi ne hanyar saka hoto cikin wata siffa: fuskar amarya cikin da'ira, adon bangon wani gidan Zango cikin haruffan DAMAGARAM, ko mahayin dokin hawan salla da gefen hotonsa ke narkewa a hankali cikin farar takarda.

Ayyuka biyu ne waɗannan, ko da yake mai shago ɗaya ya ɗauke su. Wanda ke amfani da Inkscape, wata manhajar zanen layi, cikin Faransanci ya san su a ƙarƙashin Objet, da sunan Découpe da Masque. A shago muna ce musu taga da mayafi. Taga, abin da ya faɗa cikinta ana ganinsa, abin da ke waje ba a gani, ba tsaka-tsaki. Kamar salatif ɗin da mai ƙunshi ke liƙa wa hannu kafin ta shafa lalle: inda ta bari a buɗe ya kama, inda ta rufe bai kama ba. Mayafi kuwa shara-shara ne, wani wuri da kauri wani wuri da sauƙi, kuma gwargwadon kaurinsa gwargwadon abin da ido zai hango. Ta farko lissafin siffa ce, na biyu lissafin haske ne, don haka a cikin kod ma hanyarsu ta rabu.

Mataki na farko: kada ka taɓa asalin zanen

Kafin ka rubuta layi ɗaya na zane, yanke shawarar inda za ka ajiye tagar. Shawarata ita ce ka bi tsarin SVG 1.1, wanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar a 2003, ko da kana da naka tsarin fayil. A can, siffar tagar tana zaune cikin defs, sashen fayil da ake ajiye abin da ba a zanawa kai tsaye, da sunanta, abin da aka sa wa tagar kuma nuni kawai yake yi zuwa ga sunan:

<clipPath id="taga1"><circle cx="140" cy="70" r="50"/></clipPath>
<image href="amarya.jpg" clip-path="url(#taga1)"/>

Hoton yana nan cikakke, ba a cire masa ko fiksel ɗaya, wato ɗigon hoto, ba. Wannan ne abin da na fi riƙewa a duk aikin, domin na san masu kawo mana aiki. Hajiya za ta dawo gobe ta ce a ɗan matsar da fuskar, ɗan kunnen bai fito ba. In ka riga ka yanke hoton, sai ka sake komawa farko. In taga ce, jan hoton kawai za ka yi a bayanta. Saboda haka kowane abu a manhajarka ya sami gurbi biyu, ɗaya na sunan taga ɗaya na sunan mayafi, duka suna iya zama fanko.

Mataki na biyu: ma'aunin wa ake bi?

Nan ne kwanaki suka fi tafiya mini, kuma nan nake so ka zauna da kyau. Kowane abu a zane yana da matiris ɗinsa, lambobi shida da ke faɗin yadda aka matsar da shi, aka juya shi, ko aka ƙara masa girma. In yana cikin rukuni, rukunin ma yana da nasa, haka har zuwa saman takarda. To tagar da ma'aunin wa za a karanta ta? Da ma'aunin abin da aka sa wa ita, bayan an haɗa da nasa matiris ɗin. Shi ya sa in ka juya hoton, tagar take juyawa tare da shi.

Ga inda hakan ke cizo. Yaro ya zana da'ira a kan hoto, ya zaɓi su biyun, ya danna "Sa taga". Da'irar tana da nata matiris, hoton yana da nasa. In ka ɗauke da'irar yadda take ka jefa cikin defs, za ka ga tagar ta yi tsalle zuwa wani lungu na takarda, ko hoton ya ɓace ɗungum. Abin yi shi ne ka lissafa cikakken matiris na da'irar tun daga saman takarda, ka lissafa na hoton, ka juya na hoton baya, sannan ka ninka juyayyen da na da'irar. Sakamakon shi ne sabon matiris ɗin da'irar a cikin taga. Ranar da aka ce a cire tagar, sai ka ninka da na hoton na wannan lokacin, da'irar ta dawo takarda daidai inda ido yake ganinta. Ka kuma tuna matiris ɗin da aka matse faɗinsa zuwa sifili ba ya juyuwa. Ka duba wannan kafin ka raba, ka ƙi aikin da saƙo mai ma'ana.

Akwai ma'auni na biyu da za ka tarar a fayilolin wasu. Idan clipPathUnits ya ce objectBoundingBox, lambobin tagar kaso ne na akwatin da ya kewaye abin, daga 0 zuwa 1. Ɗauki hoto da ya fara a x 40, y 20, faɗinsa 200, tsayinsa 100. Da'ira mai tsakiya a 0.5 da 0.5, mai rabin faɗi 0.5, za ta sauka da tsakiyarta a 140 da 70, amma ta zama siffar ƙwai, rabin faɗinta 100 a kwance 50 a tsaye. Ba kuskure ba ne, haka dokar take. Matiris ɗin da ke yin wannan sauƙi gare shi: faɗi, 0, 0, tsayi, x, y. Akwatin ba ya lissafa kaurin layin gefe, kuma miƙaƙƙen layi a kwance tsayin akwatinsa sifili ne, don haka wannan ma'aunin ba ya aiki a kansa. In ba a rubuta komai ba, taga tana bin userSpaceOnUse, wato ma'aunin da na fara bayani.

Mataki na uku: zana taga

Da siffa ɗaya, aikin gajere ne. A Canvas, allon zanen da ke cikin burawuza:

ctx.save();
ctx.transform(...abu.matiris);
ctx.clip(siffarTaga, dokarCiki);
zana(abu);
ctx.restore();

Wanda ke rubutu da C ko C++ a kan Cairo, ɗakin kod ɗin da Inkscape ke zane da shi tun fitowar 0.91 a 2015, zai yi haka nan da cairo_save da cairo_clip da cairo_restore. Kada ka manta restore. Taga ƙanƙancewa kawai take yi, kuma in ba ka mayar da ita ba duk abin da ya biyo baya zai shiga cikinta.

Dokar ciki ita ce clip-rule, kuma iri biyu ce. Da evenodd, ana jan layi daga ɗigo zuwa waje ana ƙirga sau nawa ya tsallaka gefen siffar. In mara ne ɗigon yana ciki, in cika ne yana waje. Da nonzero, wanda shi ake bi in ba a faɗi komai ba, ana duba ɓangaren da kowane gefe ya nufa, ana ƙarawa ana ragewa. Gwada su da harafin D da A da R, masu rami a ciki. In ramin ya toshe, ko dai ka bi dokar da ba ita ba, ko ka rikita juyin layin ciki. Launin siffar tagar da kaurin layinta ba su da wani tasiri, jikin siffar kawai ake kallo.

Wahalar tana zuwa ne in taga ta ƙunshi siffa fiye da ɗaya. Doka ta ce a haɗa su: abin da ya faɗa cikin ko wacce daga cikinsu ana ganinsa. In ka kira clip sau biyu a jere, kishiyar haka za ka samu, sai inda suka haɗu kawai zai fito. In kuma ka zuba su cikin hanya ɗaya, inda suka hau juna yana iya zama rami. Hanyar da ta fisshe ni ita ce allo na ɓoye. Zana abin a kan wani allo da ba a nunawa, zana siffofin tagar da cikakken launi a kan wani, sannan ka ɗora na biyu a kan na farko da globalCompositeOperation a kan destination-in. Wannan yana cikin hanyoyin haɗa hotuna da Thomas Porter da Tom Duff suka tsara a 1984, kuma ma'anarsa ita ce: bar abin da ke ƙasa, amma inda na sama ya rufe shi kawai. Kiran clip a jere yana da nasa wurin: idan ita kanta tagar an sa mata taga, ko abu mai taga yana cikin rukuni mai taga, a nan mahaɗar ake so.

Ƙananan dokoki uku da fayilolin waje za su gwada ka da su. Taga marar komai a ciki tana ɓoye abin gaba ɗaya. Ba a yarda da rukuni na g kai tsaye cikin clipPath ba, sai siffofi da rubutu da use, wato nuni zuwa wata siffa. Taga juyayya kuma, wadda ke ɓoye ciki ta nuna waje, babu ita a dokar. Ana samunta ne da zana babban murabba'i a kewaye da siffar a hanya ɗaya, a bi evenodd.

Mataki na huɗu: zana mayafi

Allon ɓoyen da ka gina yanzu shi ne rabin aikin. Zana abin a allo na farko. Zana abin da ke cikin mask, wato mayafin, a allo na biyu, da launinsa da komai, domin a nan launi ne ke magana. Sannan ka bi fiksel ɗaya bayan ɗaya ka mayar da haskensa alfa, wato ƙarfin bayyanarsa:

haske = 0.2125*ja + 0.7154*kore + 0.0721*shuɗi
sabonAlfa = haske * alfa

Fari yana nuna komai, baƙi yana ɓoye komai, wurin da ba a zana komai ba shi ma yana ɓoyewa. Lambobin nan uku in ka tara su ɗaya suke bayarwa, kuma ba daidai aka raba su ba saboda idon mutum ya fi jin hasken kore. Mayafi ja zalla kashi 21 cikin ɗari kawai zai bari a gani, shuɗi kashi 7. Wani yaron shago ya taɓa zana mayafi da shuɗi mai kyau, hoton ya kusa ɓacewa, ya zo ya ce mini, "Yaya, manhajar ta lalace." Lafiyarta ƙalau, amma daga ranar na sa ta riƙa nuna mayafi da launin toka a lokacin gyara, don mai zane ya ga abin da lissafin ke gani.

Daga nan sai destination-in kamar ɗazu, ka ɗora sakamakon a kan takarda.

Ka lura da yadda ɗakin kod ɗinka ke ajiye launi. A Cairo, ja da kore da shuɗi an riga an ninka su da alfa, saboda haka hasken da ka lissafa ya riga ya ƙunshi alfa. In ka sake ninkawa, gefen mayafin zai dusashe fiye da kima. getImageData na Canvas kuwa lambobin da ba a ninka ba yake ba ka, kai za ka ninka. Idan an sa mask-type a kan alpha, tsallake lissafin haske ka ɗauki alfa yadda take. Idan color-interpolation na mayafin ya ce linearRGB, sai ka mayar da launin zuwa wannan ma'aunin kafin lissafi.

Mayafi yana da iyakar fili nasa. In ba a faɗa ba, yana farawa daga kashi 10 cikin ɗari kafin akwatin abin, faɗinsa da tsayinsa kashi 120. Duk abin da ya wuce nan an datse shi. Abin da ke rikita mutane shi ne filin yana bin akwatin abu, amma zanen da ke cikinsa yana bin ma'aunin mai amfani. MaskUnits da maskContentUnits daban suke, kowanne da abin da yake komawa in an yi shiru.

Jerin aikin ma ƙayyadadde ne: a fara da tacewa irin su dishi-dishi da inuwa, sai taga, sai mayafi, sai opacity, wato ƙarfin bayyanar abin gaba ɗaya, a ƙarshe. In ka sa taga kafin dishi-dishi, gefen da ya kamata ya fito da kaifi zai yi laushi, fayil ɗinka ya bambanta da yadda Firefox ke nuna shi.

Mataki na biyar: girman allon ɓoye

Kwamfutocin da muke aiki da su yawanci na hannu ne, ƙwaƙwalwarsu kaɗan. Yi lissafin banna mai mita 3 da mita 1 a ɗigo 150 kowane inci: fiksel 17,717 sau 5,906, sama da miliyan 104. Kowane fiksel bayit 4, kusan megabayit 418 ke nan allo ɗaya, mayafi kuma biyu yake ci. Don haka kada ka taɓa buɗe allon ɓoye da girman takarda. Ɗauki akwatin abin, ka rage shi da akwatin taga, da filin mayafi, da ɓangaren da ake gani a fuskar kwamfuta. Abin da ya saura shi ne girman allon. In bai saura komai ba, kada ka zana. Wajen fitar da banna, bi ta tsiri-tsiri, kana rubuta kowane tsiri kafin ka fara na gaba. Ajiye mayafin da ka lissafa, kada ka sake shi sai ya canza ko an canza girman kallo.

Mataki na shida: hannun mai zane

Dannawa a wajen taga bai kamata ya zaɓi abin ba, kuma haka SVG ta tanada. IsPointInPath zai duba maka. Mayafi kuwa ba ya hana dannawa ko a inda ya ɓoye komai. Akwatin zaɓi ya kewaye abin da ake gani, in ba haka ba daidaita fuskar amarya a tsakiyar kati ba zai yiwu ba. Sa taga ya zama mataki ɗaya a jerin komawa baya, ko da yake abu uku ya faru a ciki: an cire siffa, an ƙirƙiri taga, an rubuta nuni. In aka kwafi abu, kwafi tagarsa da sabon suna, don gyaran ɗaya kada ya taɓa ɗayan. Kuma riƙe jerin sunayen da kake cikin zanawa. Mayafin da ke nuni zuwa kansa, kai tsaye ko ta wani, zai sa manhajar ta yi ta zagaye har ta tsaya cak.

Mataki na bakwai: injin yanka

Wannan na koye shi da asara. Wani mai kabu-kabu ya kawo aikin sitika, sunan ɗiyarsa da ratsi-ratsi a cikin haruffan. Na zana dogayen ratsi, na sa musu haruffan a matsayin taga, a fuskar kwamfuta abin gwanin sha'awa. Muka tura wa injin yanka. Wuƙar ta bi ratsin nan daga wannan gefen leda zuwa wancan, ba harafi ko ɗaya. Mai shagon ya ɗaga ledar yana dubawa ta hasken ƙofa, ledar da daga Kano ake kawo ta, ya ce, "Malam, wuƙa ba ta da ido, layi take bi." Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji, gyaran yana wajena."

Manhajar injin namu hanyoyin layi kawai take karantawa, ta tsallake taga. Saboda haka kana buƙatar umarni na daban, mu mun sa masa suna "Yanke da gaske", wanda ke lissafa ainihin mahaɗar siffar da tagar ya fitar da sabon layi. Yi shi a kan kwafi lokacin fitarwa, asalin ya zauna yadda yake. Fara da mayar da layin gefe da rubutu zuwa siffa. Sannan ka farfasa lanƙwasar Bézier, wato lanƙwasassun layukan zanen, zuwa gajerun miƙaƙƙun layuka, ƙanana yadda wuƙa ba za ta nuna gaɓoɓinsu ba. Ni kashi ɗaya cikin ashirin na milimita nake sawa. Hanyar Sutherland da Hodgman ta 1974 tana da sauƙin rubutawa, amma taga marar lungu kawai take iyawa, irin murabba'i. Haruffa suna da lungu da rami, sai hanyar Vatti ta 1992, wadda a kanta aka gina ɗakin kod na Clipper. Kada ka rubuta wannan da kanka a karon farko. Gefuna biyu da suka kwanta a kan juna daidai suna karya lissafin da aka yi cikin gaggawa. A burawuza, Paper.js yana da intersect da ke aiki a kan lanƙwasa kai tsaye. Mayafi kuwa ba ya yankuwa, wuƙa ba ta san rabin bayyana ba, don haka manhajar ta faɗa wa mai zane haka kafin ya tura.

PDF ya fi sauƙi. Yana da taga tun asali, da umarnin W na nonzero da W* na evenodd, mayafi mai laushi kuma ya shigo da PDF 1.4 a 2001. In injin bugawar da za a kai wa tsoho ne, mayar da abin mai mayafi hoto kafin ka fitar.

Gwaji

Ina da fayil ɗaya da nake buɗewa duk lokacin da na taɓa wannan ɓangaren. Hoton bangon gidan Zango ne cikin kalmar DAMAGARAM, an juya shi kaɗan, yana cikin rukunin da aka ƙara wa girma, a ƙasansa mayafi daga fari zuwa baƙi. Ina buɗe shi a manhajata, da Firefox, da Chrome, da Inkscape, in jera su ina kwatantawa. Inda ukun suka yarda da juna ni na saɓa, kuskuren nawa ne.

Ƙara masa layin rubutu mai ɗ da ɓ da ƙ da ƴ. Taga ta rubutu tana dogara da samfurin haruffan da ke cikin kwamfutar, kuma da yawa ba su da haruffanmu masu ƙugiya. A wata kwamfutar sai ƙ ta fito da wani samfuri daban ko ta zama akwati, hoton ya bi ta haka. Shi ya sa wajen fitarwa nake mayar da rubutun taga siffa, in bar rubutun asali a fayil ɗin aiki.

Sai ka ajiye siffofi biyu masu taga gefe da gefe, a kan baƙar takarda, ka duba mahaɗarsu. Sau da yawa za ka ga siririn zare. Dalilinsa shi ne fiksel ɗin kan iyaka kowace taga rabinsa ta rufe, kuma rabi a kan rabi kashi 75 yake bayarwa, sauran 25 launin takarda ne ke leƙowa. A salula ba a cika lura ba, amma a banna mai mita 3 ana hango shi daga bakin titi. Maganinsa a shagonmu shi ne siffar ƙasa ta ɗan shige ƙarƙashin ta sama da rabin milimita, ko a haɗa su biyun a rukuni ɗaya a sa wa rukunin taga guda.